Talata, a rumfar Kawu

Yau yini na yi ina lissafi. Kawu ne ya aiko a kira ni rumfarsa a Kurmi. Ya sayi wani ɗan akwati na duwatsun awo na tagulla, irin na Turawa masu haɗa magani a da, yana so ya riƙa auna haɗe-haɗen da ke cikin tsohon littafinsa na ɗibbu da su. Littafin da dirhami da miskali yake magana, duwatsun kuwa diram ne da sikuruful. Dillalin ya rantse masa diram shi ne dirhami.

Na ɗauki biro da bayan kwali. A awon masu magani na Ingila ƙwaya ce awo mafi ƙanƙanta; ƙwaya 20 ce sikuruful, sikuruful uku diram, wato ƙwaya 60, giram 3.89. Diram takwas oza ɗaya, giram 31.1, ozar da ake sayar da zinariya da ita har gobe. Dinaren da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan hijira kuwa giram 4.25 ne, shi ne miskali, kuma dirhami goma daidai suke da miskali bakwai, ka ga dirhami ya tsaya a giram 2.975. Idan aka auna da diram a madadin dirhami, kowane dirhami an yi masa ƙarin kusan giram guda ke nan. A kanumfari da citta da sauƙi, amma ban da magani mai ƙarfi.

Kawu bai yarda nan take ba. Ya ce, “Yaro, ai malamanmu na Malikiyya sun ce miskali ƙwayar sha'ir 72 ne, mu ƙirga da ƙwayar Turawan mana.” Nan muka fi daɗewa. Ƙwayarsu miligiram 64.8 ce, idan ka tara 72 sai ka tashi da giram 4.67. Dinaren bai kai ƙwayarsu 66 ba. Sha'ir ɗin malamai matsakaici ne da aka yanke wa tsinin baki, bai kai ƙwayarsu nauyi ba.

Har la'asar ba mu gama da dirhamin kansa ba, don na awo daban yake da na kuɗi: a Masar giram 3.12, a daular Usmaniyya wajen 3.2. Na ce, “Kawu, a duba ƙarshen littafin, a wane gari aka kwafe shi?” Ya buɗe, ashe gara ta cinye shafin. Muka tsayar da na Masar, tunda daga can kakansa ya zo da shi a hanyar hajji.