Makarantar da muka gina a kan tabarma a Agege

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma a cikinsa ne na koyi jan ragamar wasan labari. Mu shida ne, duka 'yan Agege, wasunmu suna karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, zaman gida ya ishe mu. Wani abokina ya ba ni 'yan lido guda bakwai masu siffa daban-daban, babbansu fuska 20 gare shi. Sunan wasan Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya zama mutum guda a cikin labarin ya faɗi abin da zai yi. In abin da wuya, sai ya jefa ɗan lido mai fuska 20. Kafin ya yi nasara, abu mai sauƙi aƙalla 10 yake nema, matsakaici 15, mai tsauri 20.

Na ƙirƙiro musu makarantar koyon siddabaru a cikin wani tsohon birni mai ganuwa, su ne sababbin ɗalibai. Tun daren farko mahaifiyata ta ɗaga labule ta ce, "Kai, wane irin tsafi nake ji kuna ambata a gidana?" Na ce, "Umma, tatsuniya ce, irin ta Gizo da Ƙoƙi, sai dai da lissafi." Ta zauna ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta koma ɗaki. Tambayarta ta amfane ni ƙwarai. Daga ranar muka yi doka: ba surkulle, ba kiran sunan iska, ba wasa da abin da ya shafi addini. Sihirinmu bai wuce tabarma mai tashi da tulun da ke gardama da mai shi ba.

Kuskurena na farko shi ne faɗa. Na kwana uku ina shirya dodon rijiya, na manta cewa mai siddabaru a matakin farko makin ransa, wato makin da in ya ƙare zai zube, 6 ne da 'yan kai, manyan dabarunsa kuma sau biyu kawai zai yi su kafin ya huta. Jifa biyu dodon ya yi, mutum uku suka zube. Ɗakin ya yi tsit. Ƙanwata ta ninke takardarta ta ce, "Yaya, mu makaranta muka zo, ba yaƙi ba."

Mako na gaba sai na kawo jarrabawa, a nan ne wasan ya kama wuta. Na ce gobe da safe za a gwada su a darasin ganye da saiwa, kowa ya faɗi yadda zai kwana. Ɗaya ya ce karatu zai yi har asuba, na ba shi ƙarin maki a jifa amma ya wayi gari a gajiye. Ɗaya ya tafi lallashin mai gadin ɗakin karatu. Mai karatun injiniya a cikinmu, wanda a zahiri ko leƙen takardar wani bai taɓa yi ba, ya ce zai rubuta amsa a tafin hannu. Ya jefa, 3 ta fito. Na ce zufa ta wanke tawadar, malam kuma yana tsaye a kansa. An yi dariya har shayi ya zube a tabarma, amma na ga yadda ya riƙe numfashi kafin ɗan lidon ya tsaya. Mutanen da suka yi watanni ba su ga aji ba, kewar fargabar jarrabawa suke yi.

Daga nan na rage shiri na ƙara saurare. Abin da suka fi so shi ne wa zai zauna ɗaki ɗaya da wa, kuɗin makaranta da bai cika ba, mai tuwo a bakin ƙofa da ke ba su bashi. Ita mai tuwon nan a take na ƙirƙiro ta don cike gurbi, amma da na ce hukumar makarantar za ta tashe ta, zama uku suka yi suna neman hanyar ceto ta. Dodon da na ɓata kwana uku a kansa ba wanda ya sake tambayarsa.

Sauran darussan na Legas ne. Kada a sa wasa da yammacin ranar aiki, mai tahowa daga Yaba a danfo, motar hayar Legas, sai bayan isha'i zai iso. Asabar bayan la'asar muka tsayar, mu tashi da magariba mu dawo, awa uku gaba ɗaya. Fitila mai caji ta zauna kusa saboda ɗauke wuta. Wanda bai zo ba, sai mu ce ɗalibinsa yana kwance a asibitin makaranta, a ci gaba. Akwai kuma mai kunya a cikinmu, sai na koyi juyowa gare ta in ce, "Ke fa, me kike yi yanzu?" Ita ce ta gano inda aka ɓoye takardar filin mai tuwo.

Da aka janye yajin aiki a Oktoba, ɗalibanmu suna ƙarshen shekarar farko. Muka yi musu bikin ƙarin aji da tsire da burodin Agege. Umma ta leƙo ta tambaya ko an bar wa mai tuwon nan wurinta, muka ce an bar mata, ta ce alhamdu lillahi.