Wata huɗu a kan ƙafafun Golf ɗina: daga gajeren sifirin zuwa kwailoba

'Yan uwa masu koyon harkar gyaran ƙafar mota, ga inda aikin Golf 4 ɗina ya tsaya. Waɗanda suka ga bayanina na baya sun san na fara da gajeren sifirin, irin wanda ke sauke mota da kusan milimita 35. Na same shi na hannu, na ɗaura shi a kan shok ɗin da motar ta zo da su, don in rage kashe kuɗi. Makon farko na ji daɗi sosai. Ratar da ke tsakanin taya da modigad ta ragu, kuma motar ta daina kwanciya idan na sha kwana.

Kafin wata biyu sai baya ya fara tsalle. Na leƙa, na ga mai yana tsattsafowa a jikin shok na hagu. Kuskuren daga gare ni yake. An ƙera shok na asali ne don ya yi aiki a tsakiyar tafiyarsa. Da ka gajarta sifirin, sai ya zauna a danne kullum, ga sifirin ɗin ya fi na da tauri, shi kuwa shok ya tsufa, ba shi da ƙarfin riƙe shi. Duk ramin da na faɗa sai ya dangana da robar tsayawa. Shi ya sa kamfanoni irin su Bilstein ke yin shok mai suna B8, Koni kuma ke yin nasu mai ruwan ɗorawa, waɗanda suka dace da mota da aka sauke. Idan ka haɗa kuɗin sifirin mai kyau, kamar na Eibach ko H&R, da kuɗin shok huɗu na wannan aji, za ka ga arhar da ka hango tun farko ta ragu ƙwarai.

A nan na tsaya na yi lissafi, na koma kwailoba. Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba: shok ne da sifirin da aka auna su tare, jikin shok ɗin yana da zaren murɗi, sai manyan zobba biyu da kake juyawa da sifana ta musamman, ka ɗaga motar ko ka sauke ta. A Golf 4 gaba kaɗai ke haɗe haka. A baya sifirin daban yake zama, shok daban, don haka mazaunin sifirin ne ake murɗawa. Akwai masu daidaita tsayi kaɗai, kamar KW V1 da Bilstein B14. Akwai masu maɓallin tauri da laushi, kamar BC Racing mai ɗauke da mataki 30. Na ɗauki mai tsayi kaɗai, domin ban kai matsayin da zan ji bambancin mataki na goma da na sha biyu a hannuna ba.

Yawanci ana sayen kwailoba don a ƙara kusantar ƙasa. Ni abin da ya ja ni shi ne zan iya komawa sama. Tukunyar baƙin mai ta Golf 4 ɗina ta alminiyam ce, kuma a ƙasa sosai take. Alminiyam ba ya lotsewa, fashewa yake yi. Da gajeren sifirin, kowane tudun rage gudu a unguwarmu sai na haye shi a karkace, gabana yana faɗuwa. Yanzu na tsayar da motar a milimita 25 ƙasa da asali, kuma idan damina ta kama, tituna suka zaizaye, zan ƙara ɗaga ta sama. Sifirin ba ya ba ka wannan damar. Inda ya ajiye ka, nan ka zauna, sai dai ka sake kwance ƙafa gaba ɗaya.

Wajen awo, kada ku auna daga ƙasa, domin iskar taya tana canza lissafi. Ku ɗora tef daga tsakiyar wili zuwa bakin modigad, a fili mai daidai, ku rubuta ƙafa huɗun. Na bar motar ta yi yawo na mako guda ta zauna, sannan na sake aunawa na kai ta alaimen. Wanda ya tsallake alaimen zai tarar cikin tayoyinsa na gaba sun cinye tun ba a je ko'ina ba. Notocin bushin kuma, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, sai nauyin mota yana kan tayoyi ake ɗaure su, in ba haka ba robar tana zama a murɗe har ta yage. Kuma don Allah kada kowa ya kwance noti na saman shok na asali ba tare da na'urar matse sifirin ba. Ƙarfin da ke ciki yana iya karya hannu.

Wahalar kwailoba a wurinmu ƙura ce. Idan ta haɗu da ruwa a cikin zaren, zobban sai su kafe. Na wanke zaren, na shafa man hana kafewa siriri, kuma duk ƙarshen wata ina goge shi da burushi. Abin da ya rage mini shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, don kare tukunyar baƙin mai. Na yanke samfurinsa da kwali, ranar Asabar zan kai wa mai walda.