Abin da rariya ke zaɓa a gidan ƙyanƙyasar kawa

Tarwada nake ƙyanƙyasa a bayan gida, kuma ban taɓa sa kawa a baki ba. Amma tun da na fara karanta yadda ake kiwonta a jihar Oregon ta Amurka, na kasa daina tunanin ranar da nake tace 'ya'yan kifina.

Kawa halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, tana manne da dutse ko wani ɓawon, ba ta motsi. Sai dai ba haka take farawa ba. Uwa ɗaya takan saki ƙwai miliyoyi. Cikin kwana 2 da haɗuwar ƙwai da maniyyi, ɗan da ido bai iya gani sosai ya riga ya gina ɓawonsa na farko. Daga nan yana iyo mako 2 zuwa 3 yana cin ƙananan tsirran ruwa, sannan ya fitar da ɗigon ido da 'yar ƙafa, ya nemi inda zai manne har abada. A wannan tsakanin ne mafi yawansu ke mutuwa.

A 2007 da 2008 mutuwar ta wuce misali a gidajen ƙyanƙyasa na gaɓar jihohin Oregon da Washington. Da farko ƙwayar cuta aka zarga. Daga baya aka gano ruwan ne: iska kan kore ruwan saman teku, na ƙarƙashin teku mai sanyi ya taso ɗauke da iskar kabon mai yawa, tsaminsa ya hana 'ya'yan gina ɓawo a waɗancan kwanaki biyu na farko. Maganin da suka samu ya burge ni, domin sinadari ne dangin kanwarmu suke zubawa ya kashe tsamin, kamar yadda uwar gida ke yi wa miya.

To amma gyaran ruwa rabin aiki ne. A 1996 Jami'ar Jihar Oregon ta fara shirin zaɓen irin kawa a garin Newport. Sukan haɗa namiji ɗaya da mace ɗaya, su raini 'ya'yan a matsayin iyali guda da lambarsa, su kai su wurare dabam-dabam a gaɓar teku, sai sun girma a auna nauyi a ƙirga waɗanda suka rayu. Iyalan da suka fi, su ne iyayen zagaye na gaba. Haƙurin da ke cikin wannan aiki ba kaɗan ba ne, tunda kowane zagaye shekaru yake ci.

Inda na fi tsayawa shi ne rariya. A gidan ƙyanƙyasa, duk bayan 'yan kwanaki ana juye ruwan tanki ta rariya mai ƙananan ramuka. Waɗanda suka girma su tsaya, ƙananan su bi ruwa. Babu wanda ke kiran wannan zaɓen iri, alhali shi ne. Ana rage yawan iyayen da jininsu zai kai gaba, kuma kawa ba ta jure auren dangi: 'ya'yan kan lalace, da yawa a daidai lokacin mannewa. Kuma wa ya ce ɗan da ya fi saurin girma a tanki mai ɗumi da abinci a wadace shi zai fi jure cuta a teku? A Faransa, tun 2008 wata cuta ke kashe ƙananan kawa, kuma masu binciken Ifremer, cibiyar binciken teku ta ƙasar, juriyar cutar kanta suka zaɓa kai tsaye, suka samu iri mai rayuwa.

Mu nan, manyan 'ya'yan tarwada da ke tsere wa sa'o'insu su muke warewa, wani lokaci mu ajiye su iyaye, ko da yake mun san da cin 'yan'uwansu suka yi wannan girman. Na yi haka ba sau ɗaya ba, kuma yanzu abin yana damuna. A ƙyanƙyasar da ta wuce na raba ƙwan uwa uku a baho uku, na sayi littafi, ina rubuta nawa suka mutu kowace safiya. Bahon da ya fi jinkirin girma shi ya fi yawan masu rai zuwa mako na 4, kuma ban zubar da ko ɗaya daga cikinsu ba.