Laraba takwas da littafin ƙa'idojin Misa

Ranar da Fada, firist ɗin cocinmu, ya sanar cewa za mu fara nazarin ƙa'idojin Misa, babbar ibadarmu ta Katolika, na yi murna, sai dai ba murnar kirki ba ce. Shekara 11 ke nan ina riƙe da kawaya, wato ƙungiyar mawaƙan Misar Hausa, a cocinmu da ke kudancin Kaduna, kuma akwai mutanen da na daɗe ina so a ja wa kunne: mai sanarwa da ke cinye mana rabin awa, yaran bagade masu raɗa da dariya, da masu shigowa bayan an gama Bishara. Sandar duka na je nema.

Kowace Laraba bayan Misar yamma muke zama a ajin katikisim, mu wajen ashirin, a kan bencin yara. Abin da muke karantawa shi ne doguwar gabatarwar da ke farkon babban littafin Misa, wadda sunanta na Latin Institutio Generalis Missalis Romani. Babi 9 ne, sakin layi 399. Fada ya fara da asalinta: Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da kundinta a kan ibada ranar 4 ga Disamba 1963, Paparoma Bulus na Shida ya amince da sabon littafin Misa a 1969, bugu na uku kuma ya fito a 2002. Kwafin da muke da shi na Turanci ne, don haka Fada na karantawa, Baba Katekis na juya mana da Hausa. Sau da yawa fassarar Baba takan ninka asalin tsawo, amma ba mai ƙorafi.

Fada da kansa ya fara. Sakin layi na 24 ya ce firist ba shi da izinin ƙarawa, ragewa ko canza wani abu a Misa bisa ra'ayin kansa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "To, kun ji nawa." Da muka leƙa na 90, inda aka ce sanarwa ta zama gajeriya kuma sai in akwai buƙata, na juya na kalli sakataren coci har sai da ya sunkuyar da kai.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A Laraba ta uku muka iso na 53, wanda ya ce ba a musanya kalmomin waƙar Ɗaukaka ga Allah da wasu. Mu kuwa muna da wata mai daɗin kiɗa da muke so ƙwarai, wadda ta tsallake kusan rabin kalmomin. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga na 57: ba a maye gurbin karatu ko Zabura da abin da ba na Littafi Mai Tsarki ba. Ni kuwa duk Lahadin da ba mu samu yin gwaji ba, sai in ajiye Zaburar ranar in ɗauko wata waƙar yabo da kowa ya iya. A zatona taimakon jama'a nake yi. Baba Katekis ya gama fassara, ya dube ni ta saman littafi.

"Kwayamasta, ka ji, ko in maimaita?"

Sakataren coci ne ya fi kowa dariya, kuma ban ga laifinsa ba.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne gaisuwar salama. Na 82 ya ce kowa ya ba waɗanda ke kusa da shi kaɗai, cikin natsuwa. Fada ya ƙara da wata wasiƙa da ofishin ibada na Batikan ya fitar a 2014, wadda ta ce kada a shigo da waƙar salama ta musamman, kada kuma a riƙa barin wurin zama ana zagayawa. Mu kuwa har rawa muke takawa. Mama shugabar Zumuntar Mata ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Fada, da girmanka. A garin nan akwai waɗanda ba sa ga maciji da juna, a wannan lokacin ne kawai suke haɗa hannu." Fada ya ce Almasihu na kan bagade a daidai lokacin, waƙar Ɗan Rago na Allah ce ke biye, gaisuwa mai tsawo kuma ƙofar coci na jiranta. Ni dai har yau rabin zuciyata na wajen Mama. Waƙar mun daina, amma idan ta tsallaka layi biyu ta kama hannun wata, sai in kau da ido.

Tsoron Mama na biyu bai tabbata ba. Ta ɗauka littafin zai kori tulu da ganga da kacau-kacau daga coci. Ashe kundin 1963 ma cewa ya yi a ba kiɗan gargajiya na al'ummai matsayin da ya dace da shi. Abin da na 313 ya nema shi ne a lokacin Azumi kayan kiɗa su tallafi murya kawai. Maganar doya da akuyar ranar godiya ba ta ɗau minti biyar ba: na 73 ya ce baiko a ajiye shi a wurin da ya dace, ba a kan teburin bagade ba, muka ware masa kusurwa.

Wanda ya fi zauna mini a rai gajere ne, na 45. Ya ce shiru ma wani ɓangare ne na Misa: kafin a furta tuba, bayan an ce mu yi addu'a, bayan karatu ko wa'azi, da bayan karɓar Tarayya, wato Jikin Almasihu. Sai na gane cewa duk shekarun nan ina ɗaukar shiru tamkar ramin da ya wajaba in cike. Da zarar Fada ya zauna, hannuna ya riga ya ɗaga. Mutum ya karɓi Jikin Almasihu, bai ko gama durƙusawa ba, na jefo masa waƙa ta uku.

Lahadin da ta biyo bayan Laraba ta takwas, na gaya wa 'yan kawaya cewa waƙar Tarayya ɗaya za mu yi, mu tsaya. Muka yi, muka tsaya. Fada ya gama share kofi ya zauna. Ban taɓa sanin fankar da ke saman kawaya tana ƙara ba sai ranar. Wani jariri ya yi kuka a baya, uwarsa ta lallashe shi. Mai ganga ya ɗora tafinsa a kan fata yana kallona, na girgiza masa kai. Gumi na bin bayana, na kalli agogo, ashe ko minti ɗaya ba a yi ba.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Wata tsohuwa ce daga bencin baya, ta miƙo wuya ta raɗa mini, "Ɗana, kun manta waƙar ne? In tayar muku?"

Na ce, "A'a Mama, addu'a muke yi." Ta ɗan dube ni, ta koma ta zauna, ta rufe ido.