Shekara 53 a Tafkin Siminti: Wasiƙa Zuwa Gida

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena, musamman mutanen Yawuri da duk wanda ya tashi a bakin Kwara. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa, ya kasuwa, ya haƙuri da tsadar rayuwa. Ina rubuto muku daga garin Everett a Jihar Washinton, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, kusa da iyakar Kanada.

Wasunku sun ga hotona a Facebook ina tsaye a gaɓar teku riƙe da kwali, har wani yayana ya kira ni yana tambaya ko lafiya, wai an ce masa na shiga zanga-zanga saboda kifi. Na yi masa alkawarin bayani, sai na ga gara in yi wa kowa gaba ɗaya.

Da farko dai ba kifi ba ne. Ku da kuka san ayu ba za ku sha wahalar ganewa ba. Tun muna yara Sarkawa suke gaya mana cewa ayu yana leƙowa sama ya shaƙi iska, macen kuma tana da nono tana shayar da ɗanta. To wannan dabba da ake kira orka haka take, sai dai ita a teku take zaune, baƙa ce wuluk da farin ciki da farin tabo a bayan ido, kuma babban namiji yakan kai mita 8 a tsawo, nauyinsa ya yi na toron giwa. Turawa sun laƙaba mata suna mai ma'anar makashiya saboda gwanintarta a farauta, amma ba a taɓa samun labarin ta kashe mutum a cikin teku ba.

Abin da ya kama zuciyata shi ne zamansu na gida. Orka da ke zuwa ruwan nan namu gida uku ne, masu bincike suka sa musu J da K da L. Kowane gida tsohuwa ce ke jan ragamarsa. Uwa tana ɗaukar ciki kimanin wata 17, in ta haihu kuma ɗan ba ya rabuwa da ita har abada. Ƙato mai shekara 30 za ka gan shi yana bin gefen tsohuwarsa, tana kama kifi tana gutsura masa. Macen takan daina haihuwa wajen shekara 40, ta ci gaba da rayuwa shekaru da yawa a matsayin kaka, kuma an lura cewa a shekarar da kifin samon, babban abincinsu, ya yi ƙaranci ita ce ke shiga gaba, don ita ta san inda aka samu abinci a yunwar baya. Kowane gida yana da irin kiransa da ɗa ke koya daga bakin uwa, yadda mai sauraro zai bambanta su kamar yadda kuke bambanta Basakkwace da Bakano daga gaisuwa. A 2018 wata daga gidan J mai suna Tahlequah ta haihu, ɗan bai yi awa ɗaya ba ya mutu. Ta ɗora gawar a goshinta tana turawa har kwana 17, tafiyar kusan kilomita 1,600, in gawar ta nutse ta bi ta ɗauko. A ƙarshen 2024 ta sake rasa wata 'yar, ta sake yin haka har cikin farkon 2025. Duk wadda ta taɓa binne jariri a cikinku ta fi ni sanin abin da ake kiran wannan.

Daga gidana, in na hau jirgin fito a Mukilteo, cikin minti 20 ina tsibirin Whidbey. A can akwai wani lungun teku mai suna Penn Cove, kusa da ƙaramin garin Coupeville. Ranar 8 ga Agusta 1970 mafarauta suka zo da jiragen ruwa masu gudu, da jirgin sama mai leƙo musu hanya, da abubuwan fashewa da suke jefawa cikin ruwa, suka koro orka sama da 80 cikin wannan lungu suka datse bakinsa da taru. Manya ba su da amfani a wurinsu, ƙanana suke so, don su ne ke da sauƙin ɗauka da horarwa. Suka ware bakwai. Biyar suka mutu a cikin ragar, huɗu daga ciki 'ya'ya ne. Don kada labari ya fita, aka farke cikin gawarwakin aka cika da duwatsu aka nutsar, sai ga shi bayan 'yan watanni ruwa ya turo wasu daga cikinsu gaɓa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin ya ba da labari da bakinsa bayan shekaru: ko da aka saki manyan, ba su tafi ba, sun tsaya kusa suna ta kira ana loda 'ya'yansu.

A cikin bakwai ɗin akwai wata mai kimanin shekara huɗu daga gidan L. Aka sa mata Tokitae, aka kai ta gidan wasan dabbobin ruwa na Miami Seaquarium a Fulorida, ɗaya ƙarshen ƙasar, inda aka canza mata suna zuwa Lolita don jawo 'yan kallo. Tafkin da aka saka ta tsawonsa mita 24 ne, faɗinsa mita 11, wuri mafi zurfi mita 6. Ita kanta da ta girma tsawonta ya kai mita 6. Danginta a teku sukan yi tafiyar fiye da kilomita 100 a yini, su nutsa fiye da mita 100. Ku auna da kanku. Kamar a ɗauki yaro a sa shi a ɗakin da in ya miƙe kansa na taɓa rufi, a ce nan zai tsufa. Akwai namiji mai suna Hugo da suka zauna tare, wanda ya riƙa buga kansa a bango har jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta fashe ya mutu a 1980. Daga ranar ba ta sake ganin ɗan jinsinta ba. Waɗanda suka naɗi muryarta sun ce har ta tsufa kiran gidan L take yi, harshen da ta baro tana 'yar shekara huɗu, babu mai amsa mata.

Nan ne maganar ta taɓa ni. Ni da ƙafata na bar gida, da yardar Inna da addu'arta, kuma duk Juma'a ina jin muryarta a waya. Duk da haka akwai daren da kewa ke hana ni barci. Ban iya ƙiyasta shekara 53 nesa da gida, 43 daga ciki ba tare da ko sallama ɗaya da harshen uwa ba.

Kuma ina da laifin kaina a ciki. Shekarun farko da na zo ƙasar nan na kai iyalina irin wannan gidan wasa, na biya kuɗin tikiti, na tafa da dabbar ta yi tsalle ta watsa mana ruwa. Na ga fiffiken gadon bayan namijin ya lanƙwashe ya kwanta gefe, ban tambaya ba. Daga baya na san cewa kusan duk manyan mazan da ke tsare haka nasu yake, alhali a teku da wuya a ga hakan. Na san cewa suna gurgurar siminti da ƙarfen ƙofa saboda gundura har haƙoransu su cinye, sai a huda haƙorin a riƙa wanke ramin kullum don kada ya ruɓe. Kuɗina yana cikin abin da ya riƙe wannan sana'a, shi ya sa ba na jin ina da ikon yin shiru.

Ba 'yan boko masu son dabbobi kaɗai ke gwagwarmayar ceto orka daga tsare ba. Akwai ƙabilar Lummi, 'yan asalin wannan gaɓa tun kafin zuwan Turawa, waɗanda a harshensu suke kiran orka danginsu da ke zaune ƙarƙashin ruwa. Su kansu an taɓa ƙwace musu 'ya'ya ana kai su makarantun kwana don a raba su da harshensu, saboda haka labarin Tokitae ba baƙo ba ne a wurinsu. A 2018 suka sassaƙa dogon gungume irin na al'adarsu, suka ratsa Amurka da shi har Miyami suna neman a maido musu 'yarsu. Akwai kuma ƙungiyar Orca Network, wadda ke tara mutane a Coupeville kowane watan Agusta don tunawa da ranar kamun. A wurin aka ɗauki hoton da kuka gani.

A watan Maris 2023 aka sanar da cewa an amince a dawo da ita, a kewaye mata wani lungu a ruwan da aka haife ta, wani attajiri mai suna Jim Irsay ya ɗauki nauyin kuɗin. Mun yi murna ƙwarai. Ranar 18 ga Agusta 2023 ta mutu a cikin tafkin nan, tana da kimanin shekara 57. Aka ƙona gawarta, tokarta ce ta dawo, Lummi suka zuba ta a teku a watan Satumba. A lokacin, tsohuwar da ake kyautata zaton ita ce uwarta, mai lamba L25, tana raye tana yawo da sauran gidan, ana ƙiyasta ta haura shekara 90.

Kada ku ɗauka ƙoƙarin bai haifar da komai ba. Tun 1976 Jihar Washinton ta kai ƙara kotu aka daina kamu a ruwanta, bayan wani hadimin gwamna mai suna Ralph Munro ya ga irin wannan farauta da idonsa a Budd Inlet. Sai mafarautan suka koma ƙasar Aisilan. A can aka kamo wani namiji mai suna Tilikum a 1983 yana ɗan shekara biyu, wanda daga baya aka danganta shi da mutuwar mutum uku, ta ƙarshe ita ce mai horar da shi, Dawn Brancheau, a gidan wasan SeaWorld na Orlando a watan Fabrairu 2010. Allah ya sani ina tausayin iyalanta, kuma mutuwarta ta sa mutane da yawa suka fara tambayar me tsarewa ke yi wa hankalin dabbar da a teku ba ta kashe kowa ba. A 2016 SeaWorld ya sanar da daina kiwata su don haihuwa, Kalifoniya ta yi dokar hana hakan a shekarar, Kanada ta yi tata a 2019, Faransa a 2021. A Rasha ma, matsin lambar jama'a ya sa aka saki orka 10 da aka tara a wasu keji kusa da Nakhodka a 2019.

Masu gidajen wasan suna cewa dabbar da ta saba da hannun mutum ba za ta rayu a teku ba, suna kafa hujja da wani namijin orka mai suna Keiko, wanda aka mayar tekun Aisilan a 1998 ya mutu a ƙasar Nowe a 2003 bai shiga wani gida ba. Akwai gaskiya a maganar, kuma ba ma cewa a buɗe ƙofa a watsar da su. Abin da muke nema shi ne a daina kamu, a daina sa su haihuwa a tsare, waɗanda suka rage kuma a mayar da su lungunan teku da aka kewaye da raga, inda akwai zurfi da igiyar ruwa da likitocin dabbobi, ba tare da wasa ba. Rashin irin wannan wuri a shirye shi ya sa da aka rufe Marineland na Antibes a Faransa a Janairun 2025, wata uwa mai suna Wikie da ɗanta Keijo suka zauna wata da watanni a gidan da babu kowa ana jayayya kan inda za a kai su. Suna kuma cewa wasan yana ilimantar da yara. Ni na kai nawa, abin da suka koyo shi ne dabba tana tsalle in an miƙa mata kifi. Ranar da muka tsaya a kan duwatsun Lime Kiln a tsibirin San Juan muka ga gida guda sun wuce a jere, muna jin fitar numfashinsu, ƙaramar 'yata ce ta fara nuna mini wace ce kakar.

Na san abin da wani zai ce, don yayana ya riga ya faɗa mini: mu da ake sace mana mutane a hanya, buhun shinkafa ya gagari talaka, ina ruwanmu da dabbar tekun Turawa? Ban raina wannan tambaya ba, kuma ba na neman ko sisin kowa. Amma tausayi ba hatsi ba ne da zai ƙare in an ɗiba wa dabba. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya gaya mana cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Duk lokacin da na tsaya a Penn Cove wannan hadisi nake tunawa.

Roƙona ƙarami ne, kuma ya fi shafar 'yan kasuwarmu da ɗalibanmu masu fita waje. Yanzu sana'ar ta fi ƙarfi a ƙasar Sin. Alhazan da ke zuwa Guangzhou sayen kaya, akwai babban gidan wasa na Chimelong a Zhuhai, ba nisa, inda ake nuna orka da aka kamo daga tekun Rasha. Akwai Loro Parque a tsibirin Tenerife na Sifen, akwai na Japan, akwai gidajen SeaWorld uku a nan Amurka. In an ce ku zo a kai ku kallo, ku ce a'a, ku kuma faɗi dalili. Kujerar da ba a saya ba ita ce maganar da masu gidajen nan suka fi ji. A gida kuma, in mai wasa da kura ya shigo unguwa da ita a ɗaure da takunkumi, ko aka zo da ɗan biri da sarƙa a ƙugu, ku tambayi kanku ina uwarsa kafin ku jefa kuɗi.

Dangin Tokitae da suka rage a ruwan nan ba su kai 80 ba, kuma tun 2005 suna cikin jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, saboda ƙarancin samon da ƙarar jiragen ruwa da guba, ga kuma giɓin 'ya'ya sama da 40 da aka kwashe musu a shekarun kamu. In Allah ya kai mu Agusta zan koma Coupeville da yarana.

A gaishe mini da Inna da kyau, a ce mata ina nan tafe in an yi hutu. Wanda kuma ya haɗu da tsofaffin Sarkawa ya tambayo mini ko har yanzu ana ganin ayu a ruwan Kainji, don rabona da jin labarinsa an daɗe.

Naku,
ɗanku kuma ɗan'uwanku a Everett.