Bangwayen tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, daga Times Square zuwa Titi na 96

Da hantsi na sauka tashar Times Square, bayan cunkoson masu zuwa aiki ya lafa, don mai son duba bango sai ya samu wurin ja da baya. Layin Q na zaɓa, saboda daga nan zuwa ƙarshensa a Titi na 96 mutum zai ga kusan duk irin kayan da ake yi wa bangon tasha ado da su.

A benen tsakiya, sama da kawunan masu wucewa, akwai aikin mai zane Roy Lichtenstein da aka kafa a 2002, tsawonsa ƙafa 53, tsayinsa ƙafa 6. Daga nesa sai ka rantse fenti ne. Garin gilas ne aka shafa a kan faifan ƙarfe, aka gasa a tanderu mai zafin kusan digiri 800 har ya narke ya kama. Launinsa ba ya koɗewa, in an yi masa rubutu a goge, sai dai ba ya son duka: inda ya ɓantare, nan tsatsa ke samun ƙofa. A tashar kuma akwai zanen Jacob Lawrence na fasinjoji a cikin jirgi, wanda aka kafa a 2001, shekara guda bayan rasuwarsa. Shi da gutsattsarin gilas masu launi aka jera shi, wato mozayik.

Abin da ya sa ba a cika dogara da fenti a nan ba, duba saman kowane bututu ka gani. Birki da ƙafafun jirgi suna zubar da baƙar ƙurar ƙarfe dare da rana, ruwa na tsattsafowa ta bayan kankare, bango na girgiza, masu shara kuma da ruwa mai ƙarfi suke wanki. Shirin zane-zane na hukumar sufurin New York, wanda aka fara a 1985, ya fi karkata ga gilas da tayil da tagulla da ƙarfe.

A tashar Lexington da Titi na 63 sai ka taka zuwa ɓangaren Third Avenue, in ba haka ba ka wuce ba ka ga komai ba. Jean Shin ta ɗauko tsofaffin hotunan jiragen da a da suke bi ta kan gadojin ƙarfe a saman titunan unguwar, ta mayar da su tayil da gilas, har da mutanen wancan zamani da hulunansu da kwat.

Titi na 72 ne ya fi riƙe ni. Wannan tasha da biyun da ke gabanta an buɗe su ranar 1 ga Janairu, 2017. Vik Muniz, ɗan ƙasar Brazil, ya tsayar da mutum fiye da 30 a jikin farin bango, kowa da girman mutum na gaske: ɗan sanda riƙe da askirim, mace cikin sari tana duba waya, wani sanye da rigar damisa, shi kansa Muniz ya yi tuntuɓe takardu na zubewa daga jakarsa. Ba a yi musu wani fili a baya ba, ƙafafunsu kuma suna dab da daɓen da kake takawa, shi ya sa da gefen ido sai ka ɗauka masu jira ne. A ganina wannan ya fi kowane aiki a layin fahimtar cewa fasinja yana tafiya yake kallo.

Na matsa kusa da fuska ɗaya. A kunci kaɗai launi ya fi a ƙirga da sauri: ruwan ƙasa, ja-ja, har da ɗigon shuɗi a inuwar ido. Guntayen fuska ƙanana ne, sun bi lanƙwasar ƙashi, na riga kuwa manya ne. A birnin Munich na Jamus aka haɗa su. Yadda ake irin wannan aiki, ana buga hoton da cikakken girmansa, a yanka shi kashi-kashi a bi layin riga ko kafaɗa don kada mahaɗa ta fito, a sa wa kowane kashi lamba. Sai a sassare gilas da guduma, a manna a kan takarda ko raga, a ɗaure cikin akwatuna. A tasha a daidaita bango ya bushe, a shafa siririn siminti da cokali mai haƙora, a danna kashin, a cire takardar, a cike mahaɗa da hannu, sannan a cusa simintin tsakani a wanke.

Ɓarnar mozayik daga baya take farawa. In simintin ya sha iska kafin a danna, gilas zai zauna ba tare da ya kama ba, daga baya ya riƙa zubewa ɗaya-ɗaya. In danshi na bayan bango, yana kwaso gishirin kankare ya fito da shi ta tsakanin guntaye, ya bushe fari kamar kanwa. Mai wanki da ya yi masa maganin asid mai ƙarfi, simintin tsakanin zai cinye, ruwa ya ƙara samun hanya. Gyaran gaskiya shi ne a toshe inda ruwan ke shigowa tukuna.

A Titi na 86 fuskoki 12 na Chuck Close ne, manya-manya, waɗanda sai ka ja da baya sosai kafin su haɗu su zama mutum. A Titi na 96 Sarah Sze ta lulluɓe bango da tayil shuɗi sama da 4,000, da hoton takardu da tsuntsaye da iska ta kwasa, ya fi kyau a kalle shi daga kan matakala mai tafiya da kanta.

Wasu ayyukan suna wajen shingen biyan kuɗi, a mashigai daban-daban, don haka mai son ganin duka zai sake biya in ya fita. Mai ɗaukar hoto kuma ya kashe filas ya tsaya a karkace, domin gilas na mayar da haske, in ka fuskance shi kai tsaye farin tabo kawai za ka samu a tsakiyar fuskar.