Tsakanin "nyan" da "enikku"

Na shiga ajin Malayalam a Thiruvananthapuram, babban birnin jihar Kerala a kudu maso yammacin Indiya, da nahawun da aka koya mini a gida: jimla sai da aikau, wato mai yin aikin, aikatau kuwa, wato kalmar aikin, ba ya tafiya sai da zaginsa, 'yar kalmar nan da ke zuwa gabansa. Na tafi, ya tafi, sun tafi. Ko ba a ambaci suna ba, "na" da "ya" da "sun" sun riga sun tona wanda ya yi aikin.

A wannan harshe na mutum wajen miliyan 35, aikatau ba ruwansa da wanda ya yi. "Nyan poyi", na tafi. "Avan poyi", ya tafi. "Avar poyi", sun tafi. Kalmar "poyi" tana nan yadda take. Tamil, ɗan'uwansa a dangin harsunan Dirabidiya, har yau yana maƙala wa aikatau alamar mutum, Malayalam kuwa ya ajiye ta tun tuni. Duk da haka masu magana da Malayalam suna yar da wakilin sunan in zance ya riga ya nuna shi. Maƙwabci zai tare ka da kalma guda, "Kazhicho?", wato an ci abinci? Ka amsa "Kazhichu". Babu kai, babu ni, kuma ba wanda ya ruɗe.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen "enikku". Wata rana na ce "nyan vishakkunnu", ina nufin yunwa nake ji. Malamarmu ta dakatar da ni cikin natsuwa ta ce, yunwa ba kai ke yin ta ba, zuwa take yi maka. Daidai shi ne "enikku vishakkunnu". "Nyan" na mai aikatawa ne, "enikku" kuwa kamar a ce gare ni. Haka sani yake, "enikku ariyam". Haka buƙata, "enikku venam". A nan kunnena na Bahaushe ya taimake ni, domin mu ma mukan ce yunwa ta kama ni, barci ya ɗauke shi. Sai dai mu mukan mai da yunwar ta zama aikau. Su ba sa yin haka: aikatau ne kawai da mutumin da abin ya samu. Masana nahawu sun daɗe suna muhawara a kan ko wannan "enikku" aikau ne ko kuwa jimlar ba ta da aikau sam.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne tagwayen nan. "Nyan pokanam": dole in tafi, an ɗora mini. "Enikku pokanam": ina so in tafi, buƙatar daga cikina ta taso. Aikatau ɗaya ne, wakilin suna kaɗai ya canja. Ranar da aka sanar da ni mahaifiyata ba lafiya na je neman izinin komawa gida, sai da na tsaya a bakin ƙofa na zaɓa. Na shiga na ce "enikku pokanam". Malamar ba ta tambaye ni dalili ba, ta jawo takardar ta sa hannu.